Kawu Ya Ji Labarin Cakulan Mai Insulin

Tun da wani ɗan bidiyo ya faɗo zauren WhatsApp na danginmu ban huta da tambaya ba. An nuno Bature cikin farar riga, an nuno ɓallin cakulan, wata murya kuma tana ta zuba da Larabci wai an gama da allura, masu ciwon sukari za su koma tauna maganinsu. Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda ya daɗe yana soka wa kansa allurar insulin ta Mixtard safe da yamma, shi ya fara kirana.

"Kai ɗan nan, kai da kake cikin magani, yaushe abin nan zai iso Kasala? In yana Bur Sudan mu aika a sayo."

Na ce, "Kawu, Allah ya ba ka haƙuri. Ko a Ostareliya inda aka haɗa shi ba a sayar da shi."

Ya ce, "To don me suka nuna mana?"

Tambayarsa tana kan hanya. Aikina ke nan, ina tsaye a kantin magani kusa da babbar kasuwar Kasala a gabashin Sudan, kuma na san bidiyon da ya zo mana nan ya je Gadarif, ya je Mai Wurno, ya je wa 'yan'uwa a Makka da Kano da Damagaram. Shi ya sa na zauna in rubuta da Hausa.

Labarin ba ƙarya ba ne. A farkon shekarar 2024 masu bincike na Jami'ar Sidni da wata jami'a da ke Tromso a arewacin Norwe suka wallafa aikinsu a mujallar Nature Nanotechnology. Sun ɗaura insulin a jikin wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi da aka yi da azurfa da farar wuta, waɗanda sai ka jera wajen 10,000 kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya, sannan suka lulluɓe su da wata riga. Suka gwada a jikin tsutsotsi, suka gwada a jikin ɓeraye masu ciwon sukari, daga baya suka ba birai 20. Don biran su yarda su ci ne aka cusa maganin cikin cakulan marar sukari. Asalin cakulan ɗin ke nan. Sukarin jinin biran ya sauka, bai kuma faɗi warwas ba. Amma biran nan lafiyarsu ƙalau, ba su da ciwon. Masu aikin sun kafa kamfani mai suna Endo Axiom, suka ce za su fara gwaji a jikin mutane a 2025. Tsakanin fara gwaji a jikin mutum da ganin kwali a kan kantata akwai shekaru, kuma yawancin magungunan da suka kama wannan hanya ba sa kaiwa ƙarshenta. Babu wata ƙwayar insulin ta haɗiya da hukumomin magunguna na Amurka ko na Turai suka amince da ita.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, ba mugunta ce ta sa aka bar mutane da allura shekara 100 ba. Banting da Best sun fitar da insulin a Toronto a 1921. A watan Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurarsa, ya tashi daga bakin kabari. Tun a waɗannan shekarun farko likitoci suka gwada ba da shi ta baki, bai yi komai ba. Dalili kuwa insulin furotin ne, dangin abin da ke cikin nama da ƙwai da wake. Ciki bai san magani ba ne. Abinci ya gani, kuma narkar da abinci ne aikinsa.

Wanda ya taɓa biyo motar kaya daga Bur Sudan a 'yan shekarun nan ya san yadda ake yi: shinge bayan shinge, kowane shinge a sauke wani abu, kafin a iso gari kayan sun ragu. Haka insulin yake sha in an haɗiye shi. Tumbi na da ruwan tsami mai ƙarfi da wani sinadari mai suna fefsin, su suke fara warware shi. Abin da ya tsira ya gangara ƙaramin hanji, can ma wasu sinadaran narkarwa na jira, tirifsin da 'yan'uwansa, su daddatsa shi. Wanda ya sake tsira sai ya tarar da yauƙi mai kauri shimfiɗe a bangon hanji. Bayan yauƙin kuma ga bangon kansa, ƙwayoyin halitta manne da juna gam, ba sa barin babban abu ya ratsa. Insulin kuwa babba ne. Tubalansa 51 ne cikin sarƙa biyu, ya fi ƙwayar sinadarin metformin, wanda yawancin masu sukari suke sha, nauyi wajen sau 45. Abin da ke isa jini a ƙarshe bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

To 'yan dakon nano, wato mitsi-mitsin ƙunsoshin da ake auna girmansu da nanomita, an ƙirƙiro su ne don su ratsa da shi. Nanomita ɗaya ita ce milimita ɗaya an raba ta gida miliyan. Yawancin waɗannan ƙunsoshi tsakanin nanomita 100 ne zuwa 'yan ɗaruruwa, ido ba ya gani, ko madubin ɗakin gwajin jini na asibiti ba zai nuna maka su da kyau ba. Abin da aka fi yin su da shi akwai kitosan, wanda ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa. Akwai aljinet daga ciyawar teku. Akwai ƙwayoyin kitse masu rami a ciki. Akwai kuma irin robar da ake zaren ɗinkin tiyata da ita, mai narkewa a jiki da kanta. Ana zaɓar rigar da ba ta narkewa a tsamin tumbi sai an isa hanji inda tsamin ya ragu.

Wurin yauƙin nan ne ya fi ba ni sha'awa, don a nan masu binciken suke shiga tsaka mai wuya. Kitosan yana manne wa yauƙin hanji, kuma da farko an ɗauka alheri ne, tunda ƙunshin zai daɗe a wurin maimakon ya wuce da abinci. Amma hanji yana zubar da yauƙinsa yana sake sabo a kai a kai, abin da ya manne sosai sai ya bi tsohon yauƙi ya fita. In kuma ka yi ƙunshin da santsi don ya ratsa yauƙin, yana isa bango sai ƙwayoyin bangon su ƙi karɓarsa, don su sun fi son mai mannewa. Abin da ke taimakonka a mataki ɗaya shi ke kayar da kai a na gaba. Sai aka koma yin riga biyu, ta waje mai santsi da za ta tuɓe a hanya, ta ciki mai mannewa. Wasu kuma suka ce a yaudari hanjin: a liƙa wa ƙunshin bitamin B12 ko gishirin ruwan matsarmama, abubuwan da hanji yake da ƙofa ta musamman da yake shigar da su, ya shige da rigar wani. Shi kitosan yana ɗan buɗe manne-mannen da ke tsakanin ƙwayoyin bango na ɗan lokaci. Wannan ne yake sa ni ɗaga gira. Ƙofar da aka buɗe wa insulin ba ta tantance mai shiga, ga hanji cike da ƙwayoyin cuta da dafinsu, mai ciwon sukari kuwa ba sati biyu zai yi yana shan magani ba, kullum ne har ƙarshen rai. Haka nake kallon azurfar 'yan Sidni ma. Komai ƙanƙantarta, dole a nuna inda take zuwa bayan shekara 20 ana haɗiya.

Ba Turawa kaɗai ke wannan aiki ba. A nan maƙwabtanmu, a reshen Jami'ar New York da ke Abu Dhabi, Farah Benyettou da Ali Trabolsi sun fitar da nasu ƙunshin a 2021, mai hawa-hawa, insulin na kwance tsakanin hawan, kuma yana sakinsa ne idan sukari ya yi yawa. Shi ma a ɓeraye aka gwada. In za a yi adalci, ɓerayen duniya sun sha warkewa daga ciwon sukari. Ɓera hanjinsa gajere ne, abincinsa iri ɗaya ne kullum, ana kuma hana shi ci kafin a ba shi maganin.

Kada a ɗauka ba na son abin ya yi nasara. Ina so ƙwarai, kuma dalilina na farko ba zafin allura ba ne. A jikin mai lafiya, gaɓar da ke yin insulin, fankiriyas, tana zuba shi ne cikin jijiyar da ta nufi hanta kai tsaye. Hanta tana kama wajen rabinsa tun a zagayen farko, kuma ita ce rumbun sukarin jiki, ita ake fara gaya wa ta daina saki. Allurar da ake yi a ƙarƙashin fata ta baya take shigowa: tsoka da kitse su fara ƙoshi da insulin, hanta ta samu saura. Wannan na cikin dalilan da suke sa masu allura yin ƙiba da faɗuwar sukari. Abin da aka tsotsa daga hanji kuwa ta wannan jijiyar ta hanta yake bi. Wato na haɗiya, in ya yiwu, ya fi kusa da yadda aka halicci jiki. Rigar 'yan Sidni ma an tsara ta ne ta warware a hanta, da wasu sinadarai da suka fi aiki idan sukari ya hau.

Dalili na biyu kuwa a kanti nake ganinsa. A cikin mutanenmu allura tana da mummunan suna. Likita ya ce wa dattijo lokaci ya yi da zai koma insulin, sai ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya zo wurina ya ce, "Malam, ƙara min ƙwayoyin nan dai, wane da aka sa wa allura bai shekara ba." Alhali shi wanen an sa masa ita ne bayan ƙoda ta riga ta tafi. A haka ake jan shekaru, sukari yana cin ido da ƙafa. Da ƙwaya ce, da rabin wannan gardamar ba ta taso ba. Ga masu maimaita sirinji ɗaya har tsininsa ya dakushe don babu kuɗin wani, ga masu soka wuri ɗaya a cinya har ya yi tauri maganin ya daina shiga daidai.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Kamfanin Novo Nordisk na Denmak, ɗaya daga cikin manya uku da ke riƙe da kusan kashi 90 na kasuwar insulin ta duniya tare da Eli Lilly da Sanofi, ya riga ya yi ƙwayar insulin da ta yi aiki a jikin mutane. An wallafa sakamakon a 2019: ta sauke sukari daidai da allurar da aka gwada ta da ita. Duk da haka suka ajiye ta, don sai an zuba insulin fiye da ninki 50 kafin a sami wannan aikin. Mu yi lissafin kasuwa. Kwalbar nan da muka sani, mililita 10, yunit 1,000 ke ciki. Mai yin yunit 40 a rana za ta kai shi kwana 25. In ka ninka 40 sau 50, yunit 2,000 ke nan, kwalba biyu a yini ɗaya. Wa zai biya? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin masu ciwon sukari nau'i na biyu, wanda ya fi kama manya, da ke buƙatar insulin, wajen rabi ba sa samunsa ko a yanzu da ba a zubar da komai. Kamfanin Oramed kuma ya kai tasa ƙwayar har matakin gwaji na uku, a watan Janairun 2023 ya sanar cewa ba ta fi ƙwayar banza marar magani a ciki da aka gwada ta da ita ba. Dukan amfanin ƙunsoshin nano a nan yake. In ba su ɗaga wannan kashi 1 ya koma wani abin kirki ba, maganin masu kuɗi ne za a yi.

Akwai abin da ya fi tsada damuna. A ce yau kashi 1 ya shiga jini, gobe kashi 2. A takarda bambancin ba komai ba ne. A jiki kuwa ninki biyu ne na insulin, kuma wanda ya taɓa ganin mutum yana gumi yana karkarwa, idonsa ya juye, ana ɗura masa ruwan sukari, ya san abin da ninki biyu yake nufi. Za a ce ai ga Rybelsus, maganin sukari na haɗiya, tun 2019 ake sayar da shi, shi ma dangin furotin ne, shi ma wajen kashi 1 ke shiga. Gaskiya ne, amma ba insulin ba ne. Yana yin wajen mako guda kafin rabinsa ya bar jini, don haka na yau da na jiya da na shekaranjiya suna cike wa juna giɓi, ba ya kuma cika faɗar da sukari shi kaɗai. Duk da wannan sassauci, dubi sharuɗɗansa: da sassafe, ciki babu komai, da ruwan da bai wuce mililita 120 ba, sannan a jira minti 30 kafin a sa wani abu a baki. Insulin ba shi da wannan afuwa. Yunit huɗu sama ko ƙasa magana ce.

Yanzu a kawo wannan cikin hanjinmu na nan. Yau asida da miyar kuɓewa busasshiya, gobe kisra, jibi ful da man riɗi, wata rana shayi kawai har la'asar. Ga tsutsar ciki, ga gudawa da ba ta rabuwa da yara. Kwalarar da aka ayyana a watan Agustan 2024 jiharmu na cikin inda ta fara. Mai gudawa abin da ya haɗiya wucewa yake yi, kuma lokacin rashin lafiya ne jiki ya fi buƙatar insulin. Allura ba ruwanta da abin da hanji yake ciki. Duk gwajin da za a yi a Sidni ko Oslo, a kan mutanen da suke cin abinci a kan lokaci suke shan ruwa mai tsabta za a yi shi.

In aka tambaye ni alkawarin da ya fi tsaya min a rai cikin duk abin da masu binciken suka faɗa, shi ne cewa ba ya buƙatar firji. Wannan layin ba a ma sa shi a bidiyon ba. Insulin ana ajiye shi ne tsakanin digiri 2 zuwa 8. Kasala kuwa a watan Afrilu da Mayu wuce 40 ba labari ba ne. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, manyan rumbunan magani na ƙasa suna Khartum, yawancin masana'antun magani suna Bahri. Da Madani ta faɗi a watan Disamba na wannan shekarar, mutane suka kwararo mana, makarantu suka cika. Na ga uwa da 'yarta mai ciwon sukari nau'i na ɗaya, irin wanda jiki ba ya yin insulin, yarinyar ba ta fi shekara 9 ba, kwalbar insulin naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma a cikin kwanon sha, haka suka yi tafiyar. Bayan an fara kai wa madatsar Marawi da tashoshin lantarki hari a 2025, wanda yake da firjin ma ya koma kamar marar shi.

Abin da ya riƙe mutane a nan shi ne tukunya. Tulun ruwa da ake ce wa zir a ƙasar nan, ko tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Mutanen gida za su gane ta: ita ce dabarar da Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya yaɗa don ajiye tumatir da gauta, har ya sami kyautar Rolex a 2000, daga baya ta iso Darfur. Ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa, zafi na fita tare da shi, kuma a busasshiyar iska irin tamu ta fi aiki. An gwada irin waɗannan tukwane a Khartum don ajiyar insulin, har da salka, aka wallafa a 2016, an kuma ga suna rage zafi sosai. A 2021 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF da Jami'ar Janiba suka nuna cewa a irin zafin sansanin Dagahaley na Kenya, mai hawa da sauka tsakanin digiri 25 zuwa 37, kwalbar da aka buɗe tana yin mako huɗu ba ta rasa ƙarfinta ba. Wannan binciken ya fi cakulan amfani gare mu a yau, ban kuwa taɓa ganin an tura shi a wani zaure ba. Abin lura kawai: a sa kwalbar cikin leda ko ƙaramin gwangwani kada ruwa ya taɓa bakinta, kada rana ta haska ta, kuma insulin mai garai-garai kamar ruwa irin Actrapid in ya yi duhu-duhu, ko mai kamar madara in ya yi gudaji, a jefar.

Inda bidiyon yake da haɗari shi ne ya buɗe wa 'yan damfara kasuwa. An riga an fara yawo da wasu kafso a roba wai "insulin na ganye". Wata Hajiya ta kawo min nata in duba. Na ce, "Hajiya, kina allurarki?" Ta ce ta ɗan dakata ta ga ƙarfin wannan. Na auna sukarinta nan take, na'urar ta wuce 400, wato ya hau ƙwarai. Ba na faɗa da hulba, ba na faɗa da harjal ko zogale, iyayenmu na sha, wanda yake so ya sha tare da maganinsa ya gaya wa likitansa. Amma babu ganyen da ke ɗauke da insulin da zai ratsa ciki. Mai nau'i na biyu in ya ajiye allura yana iya jan makonni yana lalacewa a hankali. Yaro mai nau'i na ɗaya kwana ɗaya ko biyu ya isa jininsa ya yi tsami, ya fara amai da numfashi sama-sama, ya suma.

Akwai wata dabara da ba ta nano ba ce amma ta ba ni dariya. A 2019 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka yi wata 'yar kafso da ake haɗiyewa, suka kwaikwayi ƙoƙon bayan wani kunkurun Afirka mai tudu wanda in an kifar da shi yake juyowa da kansa. Tana faɗawa tumbi sai ta daidaita zamanta, ta harba ɗan tsinin da aka yi da daskararren insulin cikin bangon tumbin, inda ba a jin zafin suka. A aladu aka gwada. Allura ce dai, an ɓoye ta ne.

Wani limami da ke sayen magani a wurina shi ya kawo tambayar da ban ji kowa ya yi ba. Ya ce, "To in ta zo, yaya azumi?" Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta tafi a kan cewa allurar magani a fata ko tsoka ba ta karya azumi, in ba ta abinci ba ce. Abin da aka haɗiya kuwa babu saɓani a kansa. Wanda likita ya yarje wa azumi yana kan allura, in sukarinsa ya hau da rana yana da hanyar gyarawa. Mai ƙwaya sai dai ya jira magariba, kuma in sharaɗinta ciki babu komai ne da jiran minti 30, to ko dai ya sha ta da kiran salla ya zuba wa dabino da abre, abin shan buɗa-bakinmu na nan, ido rabin awa, ko ya tashi tun kafin sahur.